Yayan matata zai sayar mini da gidan burodi, ni kuma ina jin nauyin tambayar takardu

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya bara, ina zaune a Jos. Kuɗin sallamata haɗe da na wani fili da na sayar sun kama naira miliyan 21. Yayan maiɗakina yana da gidan burodi a wajen hanyar Bauchi. Mahaifinsu marigayi ne ya kafa shi, Alhajin kuma shi ke riƙe da shi tun rasuwar tsohon. Yanzu zai koma Abuja, ya ce in kawo miliyan 18 ya bar mini komai: injuna, janareta, mota ɗaya, ma'aikata da sunan burodin. Ya ce wurin yana kawo ribar dubu 900 a wata, kuma akwai wanda ya taya, amma ya fi son na gida, in ba shi amsa kafin ƙarshen wata. Wurin haya ne. Ban ga littafi ko takarda ko ɗaya ba, kuma ina jin nauyin tambaya, don mutum ne da ya yi mini halacci lokacin aurena. Uwargida ta matsa in saya. Babban ɗana kuma ya ce in bar zancen burodi in nemi farancayis, wato hayar suna, na ɗaya daga cikin gidajen abincin zamani, wai ya fi aminci. Ban taɓa kasuwanci ba. Ina mafita?

Wani bawan Allah, daga Jos

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu bayan shekarun aiki, ya sa a ci da lafiya.

Kada ka biya a ƙarshen watan nan. Kada kuma ka ce wa Alhaji ka fasa. Abin da za ka nema a wurinsa shi ne ya bar ka ka shiga gidan burodin ka zauna wata guda cur, tun daga kwaɓin farko har fitar burodin ƙarshe, kana gani da idonka kana rubutawa da hannunka. Abin da ka gani a watan nan shi zai yanke farashi, shi ma zai yanke ko za a yi cinikin ko ba za a yi ba. A yadda maganar take yanzu, cinikin biri a sama za ka yi, da kuɗin da ba za ka sake haɗa irinsu ba. Matashi in ya faɗi yana da sauran shekarun tashi. Wanda ya karɓi kuɗin sallama kuwa, albashi ya ƙare.

Amma kafin mu je ga fulawa da injuna, akwai maganar da ka faɗa ka wuce da sauri, ni kuma a nan na tsaya. Ka ce mahaifinsu ne ya kafa, Alhaji yake riƙe da shi. Riƙo daban, mallaka daban. An raba gadon? In an raba, gidan burodin ya faɗa a rabon Alhaji shi kaɗai, ko kuwa 'yan'uwa sun yi kawaici ne kawai saboda shi ne babba? In ba a raba ba, to Alhaji ba shi da ikon sallama maka shi kaɗai. Mahaifiyarsu in tana raye tana da haƙƙi, ƙannensa maza da mata suna da haƙƙi, ita kanta uwargidanka tana da kaso a cikin abin da take matsa maka ka saya. Irin wannan rigima ba ta tashi ranar ciniki. Sai ka gyara wuri, ka yi fenti, kasuwa ta buɗe, sannan wani ƙane ya dawo daga inda yake ya ce da izinin wa aka sayar da gumin ubansa, kuma kotu za ta saurare shi. Saboda haka tambayar farko a cikin ɗaki za ka yi ta, tsakaninka da maiɗakinka. In an raba, wa ya raba, su wa suka shaida, akwai rubutu? In ba a raba ba, kowane magaji ya sa hannu a takardar ciniki, a kuma raba kuɗin a gaban malamin da suka yarda da shi. Ina kyautata zaton abin da ke sa uwargida matsawa shi ne kada sunan da mahaifinta ya kafa ya koma hannun bare. Dalili ne mai kyau, ka girmama shi. Sai dai ba shi zai gaya maka ko wurin ya kai miliyan 18 ba.

To me miliyan 18 ɗin za su saya? Ka raba su gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da hannu ke taɓawa: injin kwaɓi, injin murji, injin yanka, gwangwanaye, janareta, mota. Waɗannan suna da farashi a kasuwa. Ka ɗauko makanikin da ya san injunan burodi, wanda ba yaron gidan ba, ya kunna kowanne, ya gaya maka nawa za a saye shi yau a matsayinsa na tsoho. Ka kai motar gareji a ɗaga ta. In duk sun taru sun kama, misali, miliyan 8, to ka san sauran miliyan 10 kuɗin suna ne da masu saye. Wannan kashi na biyu shi ne ainihin cinikin, kuma shi ne wanda zai iya bin Alhaji ya fita ranar da ya miƙa maka makulli. Shi ya sa na ce ka zauna ka gan shi.

Ka je tun kafin kiran assalatu, cikin sanyin nan namu. Za ka tarar da masu sari sun jera babura da Keke Napep a ƙofa, kowa da akwatin da yake ɗaurewa a baya, hayaƙin itace yana fita ta saman rufi. A bakin ƙofa akwai yaro a kan benci da littafi a cinya, yana haska shi da fitilar waya: wane ya ɗauki hamsin, ya biya na jiya, saura na shekaranjiya. Wane ya dawo da goma sha biyu kwantai. Ka zauna kusa da wannan yaron. Layin “saura” za ka riƙa bi da yatsa, domin a nan ake sanin kuɗin gidan nawa ne ke yawo a gari, nawa ne a ciki ke dawowa, nawa ne suka kwana biyu har an daina tambaya. Ka lura da kwantai: wa ke ɗaukar asararsa, gidan ko mai sari? Ka kuma gane fuskoki. In mutum uku ko huɗu ne ke kwashe rabin burodin gidan, to kasuwancin a hannunsu yake. Ka tambaye su cikin hira tun yaushe suke sari a nan, burodin gida nawa suke ɗauka. Yawancinsu na gida biyu ko uku suke haɗawa, kuma inda la'ada ta fi tsoka, aka fi ɗaga musu ƙafa kan bashi, can suke karkata. Wasu kuma don mutuncin marigayi ko na Alhaji suke zuwa, kai kuwa ba su san ka ba.

Gidan burodi yana da ma'aunin da ba ya ƙarya, shi ne buhun fulawa. Baki zai iya faɗin ciniki yadda ya ga dama, amma burodi ba ya fita sai an farke buhu. Kowane buhu mai kilo 50 yana ba da adadin burodi sananne a kowane gida, gwargwadon girman gwangwaninsu. Ka ƙirga buhunan da ake farkewa kowace rana, ka ƙirga burodin da ya fita, ka ƙirga kuɗin da suka shigo aljihu ko asusu a ranar. In ukun nan ba su haɗu ba, akwai inda ke yoyo. Sannan ka roƙi Alhaji ya haɗa ka da dilan da ke kawo masa fulawa, ka ga lissafin shekara guda. Dila ba ya wasa da littafinsa. In an ce maka buhu goma ake yi kullum, littafin dila ya nuna biyar, ba sai ka yi musu da kowa ba. A wurin ma za ka ji ko ana bin gidan bashin fulawa, da suga, da bota, da leda.

Na ce shekara guda saboda wata ɗaya ba ya nuna kasuwar Jos. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shayi da burodi suna tafiya, wanda ya duba gida a lokacin zai ɗauka haka ake kullum. Azumi yana da nasa tsarin. Tun da kuma ka ce wajen hanyar Bauchi ne, ka bincika nawa ne na cinikin ya dogara da ɗaliban Jami'ar Jos, domin a 2022 yajin aikin ASUU ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk wanda kasuwarsa ke jingine da ɗalibai ya ji a jikinsa. Mu kuma mutanen garin nan mun san wata asarar da ba a rubuta ta a littafi: dokar hana fita. A watan Agustan 2021 an sa ta awa 24 a Jos ta Arewa. Mai sayar da siminti ya rufe shago kayansa na jiransa. Mai burodi kuwa, abin da ya gasa jiya kwana kaɗan ne ya zama abincin kaji. Allah ya ƙara mana zaman lafiya, amma mai lissafi yana barin gurbin irin waɗannan ranaku.

Yanzu ribar dubu 900. Ba na cewa Alhaji ƙarya yake yi. Yawancin masu ƙananan sana'o'inmu abin da suke kira riba shi ne abin da ya rage a hannu bayan an sayi kayan gobe an sallami yara. Ba su cire haya ba, saboda sau ɗaya ake biyanta a shekara. Ba su cire gyaran janareta da tayar mota ba, saboda ba kullum ba ne. Ba su cire bashin da ya mutu ba, ba su cire kuɗin hukuma ba, ba su ajiye komai don ranar da injin kwaɓi zai ce ga garinku ba. Uwa uba ba su cire ladan kansu ba. Alhaji shi ne manaja, shi ne mai karɓar bashi, shi ne mai sayo kaya, kuma a cikin sana'ar ya tashi. Kai sai ka ɗauki wanda zai yi maka wasu daga cikin ayyukan nan, ka biya shi. In dubu 900 gaskiya ce bayan an cire duk wannan, kuɗinka za su dawo cikin wata 20, ciniki ne mai kyau ƙwarai. In kuwa bayan cirewa ta koma dubu 400, sai wata 45, kusan shekara huɗu kana tashin asuba kafin uwar kuɗi ta dawo, in komai ya tafi daidai.

Ka kuma tambaya ribar wace shekara ake nufi. Alkamar da ake niƙa fulawarmu kusan duk daga waje ake shigo da ita. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ɗaga farashinta, har ta kai a watan Yulin shekarar ƙungiyoyin masu gidan burodi suka dakatar da aiki na wasu kwanaki don nuna kukansu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, a Afrilun 2024 kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, ya haura zuwa naira 225 kan kowane yunit. Niƙan fulawar kuma yana hannun kamfanoni ƙalilan: Olam ya sayi na Dangote a 2019, Flour Mills mai Golden Penny ya sayi Honeywell a 2022. Mai buhu takwas a rana ba shi da bakin tayawa, abin da dila ya faɗa shi ne. In kuma ya ƙara wa burodi kuɗi, mai shayi ya koma gidan maƙwabci. Shi ya sa kake ganin burodi yana ƙanƙancewa a cikin ledarsa. Saboda haka ribar da wuri ya kawo kafin 2023 labari ce, ta watanni 12 da suka wuce ita za ka saya.

Akwai tambayar da ya halatta ka yi ba tare da ka zargi kowa ba: me ya sa zai sayar? Abuja ba ta fi tafiyar rabin yini daga Jos ba. Wanda ke da wurin da ke ajiye masa dubu 900 duk wata yakan sa amintacce ya riƙe, ya riƙa leƙowa. Mai yiwuwa yana bukatar jari ne a dunƙule don abin da zai fara a can. Mai yiwuwa ya gaji. Mai yiwuwa kuma ya san in ya juya baya yara za su cinye wurin, wannan kuwa matsalarka ce gobe. Batun “akwai wanda ya taya” kada ya tayar maka da hankali. In gaskiya ne, kuma mutumin zai zube miliyan 18 bai duba komai ba, to ka yi wa Alhaji murna.

Maganar haya ta fi nauyi a gidan burodi fiye da shagon tireda. In tanderun gidan irin na bulo ne da aka gina a ƙasa, ba ya shiga mota. Ranar da mai wuri ya ce a tashi, a nan za ka bar shi. Mai hayar shekara-shekara kuma, in ba a rubuta wani abu daban ba, notis na wata shida ne haƙƙinsa. Ka ga ke nan za ka iya biyan miliyan 18 a wayi gari saura wata shida ka kwashe gwangwanaye. Ka je wurin mai wurin da ƙafarka, tare da Alhaji, kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Ka ji saura wata nawa hayar ta ƙare, ko ana bin bashi, ko ya yarda a canza ɗan haya, ko yana da niyyar sayarwa ko rushewa. Ka nemi sabuwar yarjejeniya da sunanka ta shekaru da dama, a rubuta yadda ƙarin kuɗi zai kasance. Masu gidaje da yawa sabon ɗan haya suke jira su ninka.

Takardu kuwa aikin lauya ne, naka na kanka, wanda kai za ka biya. Ya fara da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni: da wane suna aka yi rajista, kuma wace iri? In sunan kasuwanci ne kawai, to a doka Alhaji da gidan burodin abu ɗaya ne, bashinsa nasa ne, kai kaya da suna za ka saya ka yi rajista a kanka. In kuwa kamfani ne mai “Limited”, sayen hannun jarinsa yana nufin ka ɗauki kamfanin da duk abin da ke wuyansa, har bashin da ba a gaya maka ba da harajin da ba a biya ba. Ga wanda bai taɓa kasuwanci ba, sayen kaya da suna ya fi sauƙin kwana. Lauyan ya duba rajistar kayan jingina ta ƙasa da Babban Banki ya buɗe a 2016, a nan ake ganin ko an jinginar da janareta ko injin ga wani banki. Ya duba takardun motar da sunan wa suke. Ya duba lambar NAFDAC da ke jikin ledar: ta gidan ce, tana da sauran wa'adi, me ake bukata in mai wuri ya canza? Rajistar suna a CAC kuma ba ita ce rajistar tambari ba, wannan ofishinta daban ne a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, kuma tun da miliyoyi za ka biya saboda sunan, ya kamata a san ko an taɓa yi. Kai kuma ka ɗauki lambar mita ka je ofishin JED, kamfanin rarraba wutar Jos, a buga maka abin da ake bi. A takarda bashin na wanda ya sha wutar ne, amma in an zo da tsani wayarka za a yanke.

Cikin ma'aikatan akwai mutum ɗaya da ya fi injin daraja: babban mai kwaɓi. Ɗanɗanon da mutane suka saba da shi a hannunsa yake. Ka sha shayi da shi, ka ji ko zai zauna, ko ana riƙe masa albashi, ko shi ma yana shirin buɗe nasa. Ka tsaya kuma ka ga duk abin da yake zubawa a injin. NAFDAC ta haramta sinadarin buromet a burodi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, amma har yau akwai masu sa shi a ɓoye don burodi ya kumbura. In da shi burodin gidan yake cika ido, to ka san ranar da ka daina burodin zai canza, ranar da aka kama kuma sunanka ne a ƙofa, ban da haƙƙin mutanen da ke ci.

In duk wannan ya yi kyau, a rubuta. A jera kowane inji da lambarsa. A sa ranar da aka yanke: bashin da ake bin gidan kafin ranar na Alhaji ne, bashin da gidan ke bin mutane shi ma nasa ne, ya karɓi abinsa, kada a lissafa maka shi a matsayin kuɗi. A rubuta cewa shi ko yaransa ba za su buɗe wani gidan burodi a yankin da wannan suna ko mai kama da shi ba, na wasu shekaru. Layin wayar da masu sari ke kira ya dawo hannunka, kada ka raina wannan. Alhaji ya zauna da kai wata ɗaya ko biyu bayan ciniki, ya kai ka wurin dila da manyan masu sari ya ce ga magajina. Kuɗi kuma kashi-kashi, ta banki: wani ranar sa hannu, wani bayan an gama da mai wuri da hukuma, ragowar bayan wata uku zuwa shida. Tun da akwai biyan da za a jinkirta, aya ta 282 a Suratul Baƙara ta riga ta umarce ku da rubutu da shaidu, babu wanda zai ce ka kawo baƙon abu.

Nauyin da kake ji na gane shi, kuma alamar tarbiyya ce. Amma ka auna: nauyin tambaya na yini ɗaya ne. In ka yi shiru ka biya, bayan wata shida ka gano abin ba haka yake ba, ba za ka iya kai yayan matarka ƙara ba, ba za ka iya haɗiyewa ba, kuma wadda za ta kwana tsakanin wuta biyu ita ce uwar 'ya'yanka. Ba sai ka ce “kawo takardu in gani” ba. Ka je gidansa da kanka bayan la'asar, ka ce: “Yaya Alhaji, na gode da ka tuna da ni kafin bare. Ka san ni ɗan ofis ne, ban san kan sana'ar nan ba. Ina tsoron in karɓa in kashe abin da Baba ya kafa. Ka ba ni wata guda in zauna a ƙarƙashinka in koya, in ga ko jikina zai ɗauka.” Babu ƙarya a cikin wannan ko kalma ɗaya, kuma ka ɗora rashin sanin a kanka. Maganar takardu ka bar wa lauya, shi ba surukin kowa ba ne.

Shawarar ɗanka tana da ƙamshin gaskiya, amma bai ƙarasa ta ba. Farancayis hayar suna ce da tsari: ka biya kuɗin shiga, ka gina wuri yadda suka zana, ka sayi kaya inda suka ce, ka sayar a farashin da suka yarda, sannan duk wata su ɗauki kasonsu daga ciniki, ko ka ci riba ko ba ka ci ba. Yarjejeniyar tana da wa'adi, kuma yawanci ba ka da ikon sayar wa wani sai da yardarsu. Abin da kake samu shi ne horo da sunan da mutane suka sani. Sunan ma yana tsufa. Mr Bigg's na kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986, ya bazu a manyan garuruwan ƙasar nan, rassa da yawa a hannun masu hayar suna, daga baya da yawansu suka rufe bayan da irin su Chicken Republic, wanda ya buɗe a 2004, suka shigo fage. Wanda ya zuba kuɗinsa a reshe ba shi da ikon gyara uwar kamfani in ta yi rauni. Ban da haka, da wuya miliyan 21 su gina su ƙawata irin wuraren nan har a bar na juyawa. In ɗanka yana da wani kamfani a zuciya, ya kawo sharuɗɗansu a rubuce, ku je ku sami mutum biyu da suka riga suka karɓa ku ji daga bakinsu, in da hali har da wanda ya karɓa ya bari. In na ƙasar waje ne, a tambaya ko an yi rajistar yarjejeniyar a hukumar NOTAP mai rajistar irin waɗannan yarjejeniyoyi da kamfanonin waje. In kuwa aka ce ka kawo kuɗi kawai ka koma gida, su za su gudanar su riƙa turo maka kaso tsayayye duk wata, to wannan ba hayar suna ba ce, ƙanen MMM ne, tsarin zuba kuɗin nan da ya cinye kuɗin jama'a, kuma mun ga yadda ta ƙare a Disambar 2016.

Saura abu biyu da suka shafe ka kai kanka. In ka ba da miliyan 18, uku suka rage. Ka tambayi farashin buhu na yau, ka ninka da buhunan da ake yi a rana, ka ninka da kwana 14, ka ƙara suga, bota, yis, leda, itace, man janareta da albashi. Dilan da ke ba Alhaji kaya bashi saboda sabon shekaru, kai kuɗi hannu zai nema da farko, masu sari kuwa bashin da suka saba shi za su nema tun ranar farko. Ga cefanen gida, ga makaranta, ga asibiti. Ni dai ba na son mai ritaya ya sa fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ya mallaka a wuri ɗaya, wannan ra'ayina ne. Na biyu kuma jiki. Sana'ar dare ce da asuba, ba ta da Asabar ba ta da Lahadi, kuma tana son idon mai ita. Watan da za ka zauna zai gaya maka ko ƙafa da baya za su ɗauka. In ɗan naka yana da lokaci, ka ja shi ku zauna tare, shi ya riƙe lissafi a waya.

In watan ya nuna wurin yana da rai amma bai kai yadda aka faɗa ba, ka taya da abin da lissafinka ya ba ka, ka nuna wa Alhaji takardar. In kana so amma zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai hanya ta tsakiya: ka karɓi gidan haya na shekara guda, kana biyan Alhaji ko magada wani abu sananne duk wata, a rubuta tun yanzu farashin da za ka saya a kai in shekara ta cika ka gamsu. Shi ya tafi Abujarsa yana samun shiga, kai ka koyi sana'a da kuɗi kaɗan, sunan marigayi kuma yana gida. In kuwa ya ƙi ka zauna, ya ƙi haya, ya ce sai dai kuɗi a dunƙule kafin ƙarshen wata, ka yi masa godiya, ka ce ba za ka iya haɗa shawara cikin wannan ɗan lokaci ba, ya sallama wa wancan mutumin. Ka tabbata uwargida ta ji dalilinka daga bakinka kafin ta ji daga gidansu.